Yadda Za Ka Fahimci Sassaƙen Tsiraicin Nan Na Haikalin Indiya

Kusan kowa ya taɓa cin karo da hoton nan a waya, mace da namiji na dutse manne da juna a jikin bangon wurin bautar 'yan Hindu, wasu su yi a'uzubillahi wasu su kwashe da dariya. Toh ni dai ba addinina ba ne, amma in za ka tofa albarkacin bakinka gara ka san me masu abin suke nufi.

Da farko ka ja da baya, ka nemi hoton ginin gaba ɗaya. Yawancin hotunan daga Khajuraho suke a jihar Madhya Pradesh, sarakunan Chandela suka gina haikalan wurin tsakanin wajen 950 zuwa 1050, an ce haikali 85 ne da, yanzu saura kamar 25. Na saduwar nan da ake ta yayatawa ba su wuce kashi 10 cikin 100 ba fa. Sauran gumakansu ne, da sojoji a kan giwa, da makaɗa, ga wata tana zizara kwalli tana duba madubi, wata ta ɗaga ƙafa ta karkace tana cire ƙaya, gaskiya wannan mai ƙayar ta fi burge ni don har kana ganin yadda ta ɗauke numfashi.

Sai ka duba a ina aka sa su, nan ne ainihin maganar. Mai ibada yana zagaya ginin ne, haikalin na hannun damarsa, duk hayaniyar duniya tana jikin bango yana wuce ta, amma can ƙuryar da gunkin yake, wadda suke kira garbagiriha, ɗan ɗaki ne mai duhu babu wannan tarkacen. A haikalin Kandariya Mahadeba, wanda shi ne babba, da na Lakshmana, manyan ma'auratan suna daidai bangon da ya haɗa zaure da ƙuryar, shi ya sa wasu masana ke cewa magina ne suka yi wasa da ma'ana, inda gini biyu suka haɗu suka sa mutum biyu sun haɗu.

Kuma ka riƙe wannan, a wajensu burin rayuwa huɗu ne: darma wato bin ƙa'ida, arta wato dukiya, kama wato jin daɗi da sha'awa, sai moksha, kuɓutar rai. Ka ga ke nan sha'awa tana da gurbinta, ba ita ce ƙarshe ba dai. Ma'auratan kuma, mituna, alamar albarka ce da haihuwa, tun ƙarnuka kafin Khajuraho ake sa su a bakin ƙofa.

Duk wanda ya ce maka ma'ana ɗaya ce tak, kar ka hau. Akwai masu cewa maganin kambun baka ne da aradu, akwai masu jingina su da tantira, wata ɗariƙar ibada ta asiri a addininsu, kuma har yau masanan ba su daidaita ba. 'Yan rakiyar baƙi kam abin da zai sa ka buɗe baki ka ƙara musu kuɗi suke faɗa.

In kana son gwaji, nemo haikalin rana na Konak a Odisha, na wajen 1250, wanda aka yi kamar keken doki mai ƙafa 24, ka fara ƙirga makaɗa da giwayen jikinsa kafin idonka ya sauka kan ma'auratan.