Yadda ake haɗa babban madubin hangen taurari a gida

Duk wanda ya zo min da maganar zai haɗa teleskop, wato madubin hangen taurari, mai faɗin madubi inci 16 a gwajinsa na farko, nakan ce ya je ya fara niƙa mai inci 6 ko 8 tukuna. Yawanci ba sa ji, kuma rabinsu gilashin na nan ƙarƙashin gado har yau. Amma idan ka taɓa yin ƙarami, to bismillah.

Tsarin John Dobson za ka bi, kar ka wahalar da kanka da wani. Mutumin nan a San Francisco ta Amurka da gilashin tagar jirgin ruwa da bututun kwali da katako ya riƙa haɗa nasa, kuma har gobe manyan na gida kusan duk haka suke. Mai inci 16 yana tara haske ninki 4 na mai inci 8, shi ya sa muke shan wannan wahala.

Gilashi dai ka samu mai kaurin inci ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma don Allah kar a ruɗe ka da araha ka sayi irin mai tauri ɗin nan na ƙofar shago, kana fara niƙa shi zai tarwatse. Ni f/4.5 nake so, wato nisan haɗuwar haske inci 72, ramin tsakiyar madubin kuma wajen milimita 5.6. Da garin kabarandam (gari mai kaushi na niƙa gilashi) mai lamba 80 za ka haƙa ramin, sai 120, sai 220, sannan garin alminiyam oksayid mai laushi. Duk canjin gari a wanke komai har ƙasan farce, a canza riga ma, ƙwaya ɗaya ta 80 in ta maƙale ta ja maka layi sai ka koma baya da sati biyu.

To ga inda ni na faɗi, wajen goge shi ya yi ƙyalli. Ana zuba wani abu mai kama da kwalta da ake kira fich a kan faranti, a tsattsaga shi gida-gida, a shafa hodar gogewa ta seriyam oksayid da ruwa a yi ta gogawa. Abin da masu koyarwa na ƙasashen sanyi ba sa tunawa shi ne fich narkewa yake da zafi. Na yi nawa a watan Afrilu da mai laushi, cikin ɗaki mai rufin kwano, kafin la'asar tsagogin sun rufe, gefen madubin ya zaizaye ya kwanta, kuma ba abin da ke ɓata hoto kamar kwantaccen gefe saboda can ne mafi yawan faɗin madubin yake. Wata uku na yi ina gyara. Ka nemi fich mai tauri, samfurin Gugolz mai lamba 73 ko 82, ka gwada da farcen babban yatsa, in ya lotsa nan take bai yi ba. Aiki bayan asuba kawai, ka danna farantin a kan madubin kamar minti 20 kafin ka fara, kuma kar hannunka ya riƙa zarce gefe da yawa. Lokacin hunturu sanyin ya fi dacewa amma ƙura ce matsala, sai ka yayyafa ruwa a ƙasa ka toshe taga da jiƙaƙƙen zani.

Awon siffar ramin madubin kuma da gwajin da ake kira Foucault ake yi, ƙaramar fitila da reza a nisan inci 144 daga madubin. Ka bar shi ya huce awa ɗaya kafin ka auna, ɗumin hannunka ma yana canza sakamakon.

Shafa wa fuskar gilashin alminiyam don ya zama madubi ba a gida ake yi ba, aikawa ake yi, ka tanadi kuɗinsa da na jigila tun farko. Akwatin na filawud ne, jikin kuma sandunan alminiyam guda 8 da ake kwancewa don ya shiga mota, madubin ya zauna kan maɗauki mai ƙafa 18. In ya kalli sama sosai wurin sa ido zai kai kusan mita 1.8, ka ajiye ɗan tsani kusa. Da rana ya kasance a rufe koyaushe, hasken rana ta cikinsa yana makantar da mutum nan take, har katako yana ƙonawa. Daren farko ka fara da wata, in saiti ya zauna ka nemi zoben duniyar Zuhal (Saturn).