Yadda Ake Zaɓen Faifan Sonata na Celo da Fiyano

Sonata ta celo da fiyano kiɗa ne na mutum biyu, amma bangon faifai ba ya nuna haka. Galibi hoton mai celo ake sawa, rungume da babban gogensa, a rubuta sunan mai fiyano da ƙananan baƙaƙe kamar ɗan rakiya. Mai saye ya ga sanannen suna ya biya, sai ya kunna ya tarar rabin kiɗan ya ɓace. A yawancin waɗannan ayyuka nauyin da ke hannun mai fiyano ya kai na mai celo, wani lokaci ma ya fi. Sonata biyu na farko na Beethoven, Op. 5 (Op. ita ce lambar aikin mawallafi), waɗanda ya rubuta a 1796 saboda Sarki Friedrich Wilhelm II a Balin, an buga su ne a matsayin kiɗan fiyano wanda celo ke mara wa baya. Ta Chopin, Op. 65, da ta Rachmaninoff, Op. 19 ta 1901, gwanayen fiyano ne suka rubuta su, kuma ba su rage wa hannunsu komai ba. Saboda haka abin da kake nema a faifai shi ne makaɗa biyu da ke jin juna, da kuma naɗin sauti da ya bar ka ka ji su duka biyun.

Fara da tantance ainihin kiɗan da kake so, kuma ka riƙe lambarsa, domin da lambar ake nema. Beethoven yana da biyar: biyu a Op. 5, sai Op. 69 ta 1808, sai biyu a Op. 102 na 1815. Duka biyar ɗin suna shiga faifan CD biyu, kuma wasu kamfanoni kan ƙara da jerin kaɗe-kaɗe uku da ya gina kan waƙoƙin Handel da Mozart. Ka duba ko suna ciki. Brahms yana da biyu, Op. 38 da aka gama a 1865 da Op. 99 ta 1886, kuma faifai ɗaya ya ishe su. Akwai ta Debussy ta 1915, gajeriya, minti 11 zuwa 12, da ta Shostakovich Op. 40 ta 1934, da ta Prokofiev Op. 119 ta 1949. Biyu kuwa da za ka yi ta cin karo da su ba don celo aka rubuta su ba. Ta Schubert ta 1824 an yi ta ne don arpeggione, wani kayan kiɗa mai tsirkiya shida da ya daɗe da bacewa, ta César Franck ta 1886 kuma ta biyolin ce, wato ƙaramin goge, aka mayar wa celo. Ba laifi ba ne a saye su, sai dai ta Schubert tana kai mai celo can sama inda kuskuren yatsa ba ya ɓuya, don haka a nan tsabtar sauti ita ce abin dubawa na farko.

Matsalar da ta fi ɓata faifai ita ce rinjayen wani a kan wani, kuma tana da dalili. Tsirkiya mafi kauri ta celo tana bugawa wajen sau 65 a daƙiƙa, wato muryarsa tana zaune daidai inda hannun hagun mai fiyano yake aiki. Fiyanon zamani yana da ƙashin ƙarfe da murya mai ƙarfi ƙwarai, wanda na zamanin Beethoven ba shi da su. Mai fiyano ya ɗan yawaita taka feda, sai celo ya nutse. Injiniyan sauti kan yi maganin wannan ta hanyar matso da makirfo kusa da celo, idan kuma ya wuce gona da iri sai a faɗa wata matsalar: celo ya yi girman da ba shi da shi, kana jin numfashin makaɗin da bugun yatsunsa a kan itace, fiyano kuwa kamar daga wani ɗaki ake kaɗa shi. Wannan na biyun ya fi yaudara, domin a minti na farko daɗi yake yi. Sai an kai inda fiyano ke riƙe da jigon kiɗan za ka gane an zalunce shi.

Hanyar gwadawa mai sauƙi ce. Ɗauki naɗi uku ko huɗu na kiɗa guda, kada ka wuce haka don kunne kan gaji, ka saurari wuri ɗaya a kowanne, minti biyu zuwa uku. Ka daidaita ƙarar sauti da hannunka kafin ka kwatanta, saboda wanda ya fi ƙara kullum shi kunne ke ɗauka ya fi kyau. Kuma kada ka yi wannan da lasifikar waya: ba ta iya fitar da ƙasan muryar celo, za ka yanke hukunci ne kan abin da ba ka ji ba. Abin sauraro na kunne mai kyau ya wadatar.

Wuraren gwajin su ne muhimmai, ba kowane wuri ke tona asirin faifai ba. A Op. 69 ta Beethoven celo ne ke farawa shi kaɗai, sannan ya tsaya kan sauti guda mai zurfi yayin da fiyano ke karɓar zancen. Saurari wannan dogon sautin: ya ci gaba da jiyuwa a ƙarƙashin fiyano, ko ya ɓace da zarar fiyano ya shigo? A Op. 38 ta Brahms kada ka tsaya a farkon, domin kowa yana yin kyau a nan. Tsallaka zuwa babi na ƙarshe (sonata babi-babi ake rubuta ta), inda muryoyi ke shigowa ɗaya bayan ɗaya da jigo guda suna bin juna, fiyano na gudu da hannu biyu. Idan kana iya bin celo daga farko har ƙarshe ba tare da ka yi ta laluben inda yake ba, faifan ya ci jarrabawa. Haka babi na ƙarshe na Op. 102 mai lamba 2 yake, har ma ya fi tsauri. Babi na biyu na Op. 99 yana buɗewa da fizgar tsirkiya da yatsa, kuma fizgar tana mutuwa nan da nan, don haka mai fiyanon da ba ya sauraro zai binne ta. A ta Rachmaninoff, babi na uku mai nutsuwa zai nuna maka ko mai celo yana iya yin ƙasa da murya, ko kuwa komai da kuka yake kaɗa shi.

Akwai kuma salon hannu, wanda zaɓinka ne. Wasu masu celo suna karkaɗa yatsa a kan kowane sauti har muryar ta yi ta rawa ba hutawa, wasu sai inda ake bukata. Makaɗan da suka yi tashe kafin 1950 sukan zame da yatsa daga sauti zuwa sauti a fili. Salon zamaninsu ne, ba kuskure ba.

Kada tsawon lokacin da aka rubuta a bayan faifai ya ruɗe ka. Idan ka ga babin farko na Op. 69 ya fi na wani faifan da wajen minti uku, mai yiwuwa ba sanyin hannu ba ne: ɗaya ya maimaita sashen farko kamar yadda Beethoven ya rubuta, ɗayan ya tsallake. Tsofaffin faifai sun fi tsallakewa, saboda wurin da ke kan faifan ba shi da yawa.

Batun shekara yana bukatar ido. Shekarar da ke bangon faifai sau da yawa ta sake fitarwa ce, ainihin ranar naɗi tana cikin ɗan littafin da ke tare da shi. Abin da aka naɗa kafin tsakiyar shekarun 1950 mono ne, sauti daga wuri ɗaya, sitiriyo bai shiga kasuwa sosai ba sai 1958. Naɗin Pablo Casals na shekarun 1930 da na Pierre Fournier da Artur Schnabel na 1947 da 1948 an yi su ne don faifan garmaho, wanda fuskarsa ɗaya ke ɗaukar minti huɗu zuwa biyar, kuma akwai ƙarar shuu a bayansu. Kiɗan na ƙwarai ne, amma kada su zama faifanka na farko. Idan za ka saye su, gwada fitowa biyu daban, domin wasu kamfanoni kan goge ƙarar har su goge hasken muryar celo tare da ita. A tsofaffin CD za ka ga baƙaƙe uku: AAD ko ADD na nufin asalin naɗin a kan tef aka yi, DDD kuwa dijital ne tun daga farko. DDD ba shaidar inganci ba ce. Naɗin tef na shekarun 1960 da yawa sun fi na dijital na farkon 1980 daɗin saurare.

Ga wanda ke son wurin farawa a Beethoven, Fournier da Friedrich Gulda na 1959 a kamfanin Deutsche Grammophon suna da daidaito da nutsuwa, kuma ana jin kowa. Mstislav Rostropovich da Sviatoslav Richter a Philips, farkon shekarun 1960, sun fi nauyi da ƙarfi. A nan babu batun ɗan rakiya. Jacqueline du Pré da Daniel Barenboim an naɗe su ne a gaban jama'a a Edinbara a 1970, akwai zafin wasa da tari da ƙananan tuntuɓe, abin da ke burgewa a ji na farko amma zai iya gundura a ji na goma. Miklós Perényi da András Schiff a ECM sun dace da mai son sauti na zamani mai tsabta. Wanda kuma ke son jin yadda abin yake da irin fiyanon zamanin Beethoven, ya nemi Steven Isserlis da Robert Levin a Hyperion. Muryar fiyanon za ta yi masa siriri a farko, sai dai matsalar danne celo ta kau gaba ɗaya, musamman a Op. 5. Ya fi kyau a matsayin faifai na biyu, bayan kunne ya san kiɗan. A Brahms, du Pré da Barenboim na 1968 da Rostropovich da Rudolf Serkin na 1982 sun yi hannun riga: na farko jinin ƙuruciya, na biyu a hankali da nauyi, har wasu na ganin ya cika jan ƙafa. Ta Schubert kuwa da wuya a wuce Rostropovich da Benjamin Britten a Decca, 1968.

Idan ta intanet za ka saya ko ka saurara, duba abu biyu. Manhajojin kiɗa sukan rikita sunaye, su sa mawallafi a gurbin makaɗi, ko su haɗa naɗi biyu na mutum guda: Fournier ya naɗi Beethoven da Schnabel, da Gulda, da Wilhelm Kempff a 1965, Yo-Yo Ma da Emanuel Ax kuma sun yi sau biyu, na farko a shekarun 1980, na biyu ya fito a 2021. Sai ka tabbatar da sunan mai fiyano da shekara kafin ka biya. Na biyu, fayil na MP3 mai 128 kbps yana dusashe amon ɗakin da wutsiyar sautin fiyano. Nemi mai 320 kbps, ko FLAC, wato fayil da ba a rage masa inganci ba. Ka kuma kashe tsarin da ke kunna waƙoƙi barkatai, domin babi-babin sonata a jere ake jin su, wasu ma kamar na Op. 102 suna shiga juna ba tsayawa.