Babi na Bakwai: Shirin Gida Kafin Ambaliya, Gobara da Girgizar Ƙasa

Darasi na 1: Abin da muke shirya wa

Kowa ya ɗauko littafin rubutunsa da fensir. Fensir na ce, ba biro ba, domin yau akwai goge-goge.

Mu a nan Katsina abubuwa uku suka fi samunmu: ruwa da damina, wuta da hunturu, sai iska mai yaye kwano a farkon damina. A watan Yuli na 2018 ruwa ya sauka a Jibiya da dare, kafin gari ya waye fiye da mutum 40 sun rasu, gidaje masu yawa sun rushe. A watan Maris na 2021 wuta ta cinye shaguna a babbar kasuwar Katsina. Wasunku sun gani da idonsu.

Girgizar ƙasa kuwa ba mu saba da ita ba, alhamdu lillahi. Amma ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, ta kuma motsa a Mpape da ke Abuja a 2018. Wadda ta auka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu, 2023 ta kashe fiye da mutum 50,000, kuma kafin asuba ta zo, mutane suna barci. Ta Maroko a watan Satumba na 2023 ita ma da dare ta zo, ta kashe kusan mutum 3,000, da yawansu a ƙauyuka masu ginin ƙasa irin namu. Ku lura, Jibiya da dare, Turkiyya da dare, Maroko da dare. Don haka duk shirin da za mu yi, sai ya zama wanda hannu zai laluba a cikin duhu ya same shi.

A kowane aji ba a rasa mai cewa, "Malam, abin da Allah Ya ƙaddara ai babu makawa." Haka ne, Baba. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Mu ɗaure namu.

Darasi na 2: Takardar lambobi

Wannan shi ne darasin da ya fi ba ɗalibai wuya, shi ya sa za mu daɗe a kansa. Kada wanda ya ƙosa.

Lambobin da ke cikin wayarka ba naka ba ne in wayar ta faɗa ruwa ko cajinta ya ƙare. Maƙwabci zai miƙo maka tasa ya ce kira ɗanka, ka tsaya kana kallonsa. Saboda haka za mu rubuta su a takarda.

Lambar waya a Najeriya tana da lambobi 11, kuma da 0 take farawa. Ku faɗa tare da ni: goma sha ɗaya. Kafin ka rubuta komai, zana ƙananan gidaje 11 a jere. Huɗu, ka bar fili. Uku, ka bar fili. Sai huɗu kuma. Ɗora yatsa a kan kowane gida ka ƙirga da ƙarfi. In 10 ka samu, ƙara ɗaya. In 12 ka samu, goge ɗaya. Kada ka sa lamba ko ɗaya sai gidajen sun cika 11.

Yanzu fara daga hannun hagu, wato hannun da ba ka cin tuwo da shi. Waɗanda suka yi karatun allo hannunsu yakan tafi dama da kansa. Ba laifi ba ne, sabo ne. Amma lambar waya daga hagu ake fara ta. A gidan farko sa 0. Gida ɗaya, lamba ɗaya. Kada ka cusa biyu a gida guda, kada ka tsallake gida.

Ku kula da 6 da 9. Cikin 6 a ƙasa yake, cikin 9 a sama. Ku kula da 1 da 7, a ja wa 7 hularsa sosai. In lamba ta maimaita kanta, kamar 3 sau biyu a jere, kowace da gidanta. A nan ne mutane suka fi zubar da ɗaya, su tashi da 10.

Ka gama? Sake ɗora yatsa ka ƙirga. Nawa? 11. Madalla, Inna, kin ga ba wuya. Wadda tata ba ta cika ba ta goge ta sake, ba a kore ta ba. Babu wanda aka haifa da iyawa.

Saura gwaji, kuma shi ake yawan tsallakewa. Ɗauki waya, danna lambobin kana duban takarda, ba kana neman sunan mutumin a cikin waya ba. In wanda kake nufi ya ɗauka, takardarka ta yi. In wani baƙo ya ɗauka, ba shi haƙuri, ka koma ka duba gida-gida. Lambar da ba a gwada ba kada a yarda da ita.

Wa za a rubuta? Maigida, uwargida, babban ɗa, mai unguwa, maƙwabci mai mota ko Keke Napep, da ɗan'uwa guda wanda ba a garin yake ba, a Daura ko Kano ko Funtuwa. Amfanin na nesa shi ne in kun warwatsu kowa ya kira shi ya ce ga inda nake. A gefen kowace lamba rubuta suna. Wanda rubutun suna bai zauna masa ba tukuna ya yi alamar da zai gane: hula ga maigida, mota ga mai mota. A can sama rubuta 112 da manyan lambobi. Ita ce lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa, ba ta cin kati, kuma ita kaɗai ce mai gida 3. In ba ta shiga ba, ka wuce ta gaba. Lambar 'yan kwana-kwana kuma a je ofishinsu a karɓo daga bakinsu, a rubuta a gabansu, a ƙirga a gabansu.

Wata matsalar: lambar katin ɗan ƙasa ita ma 11 ce. Na sha ganin an rubuta ta a wurin lambar waya. A ware mata shafinta daban.

A yi takardar nan kwafi biyu. Ɗaya a manna a bayan ƙofar ɗaki, ɗaya ta shiga jaka. In an kwafa ta biyun, a sake ƙirgawa, a sake gwadawa. Na san na faɗa. Zan kuma sake faɗa.

Darasi na 3: Jaka da wurin haɗuwa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Samu jaka guda mai ƙarfi, ko tsohuwar jakar makarantar yara ce. A fara da takardu: katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardun haihuwa, katin rigakafin yara, katin asibiti, takardar gida ko gona, takardun makaranta. A sa su a leda, a matse iska, a ƙulle baki. A sa wannan ledar a cikin wata ledar, a sake ƙullewa. Takardar lambobinmu tana ciki, bayan an tabbata kowace 11 ce.

Sai tocila mai batir, da batir na ajiya, ashana a ƙulle a leda, ƙaramar rediyo, sabulu, gidan sauro, audugar mata, zane guda biyu. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko asma ya sa maganin kwana bakwai, yana canza shi kafin ya lalace. A sa kuɗi a hannu, ƙananan canji, domin ranar da sabis ya ɗauke mai POS ba shi da abin da zai yi maka. Abin ci wanda ba ya son wuta: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, sukari da gishiri. Ruwan sha a jarka mai murfi kusa da ƙofa, ana sabunta shi duk mako.

A kafa ƙusa kusa da ƙofa, sama da kafaɗa, a rataye jakar. Ba ƙarƙashin gado ba, nan ruwa yake fara shiga. Ba cikin akwati mai kwaɗo ba, wa zai nemi makulli a duhu? Yau da dare a kashe fitila, kowane babba a gidan ya laluba ya taɓa ta.

Zan yi faɗa kaɗan a nan. Na zagaya gidajen wasu ɗalibai, na tarar an zare tocila ana zuwa bayi da ita, dabino an buɗe baki da shi, kuɗin an yi cefane. Haba jama'a! Jakar da aka wawashe me za ta yi muku? Abin da aka ɗauka a mayar a ranar.

Sannan a zaɓi wurin haɗuwa guda, a kan tudu, wanda har ƙaramin yaro ya sani: filin makarantar firamare ko harabar masallacin Juma'a. A raba aiki tun yanzu. Wa zai goya jariri, wa zai riƙe hannun Kaka, wa zai ta da almajirin da ke kwana a zaure, wa zai ɗauko jaka. In an isa a kira sunan kowa, ya amsa.

Maigida, wannan taka ce. Ka faɗa wa iyalinka yau, da bakinka, cewa in ruwa ko wuta ta zo kana kasuwa, su fita, ka ba su izini tun yanzu. Kada baiwar Allah ta tsaya neman mayafi ko jiran sallamarka hayaƙi yana cika ɗaki.

Darasi na 4: Ambaliya

Aikin ambaliya da bazara ake yin sa. Kafin ruwan farko a yashe kwata, a yi yaɓe, a gyara indararo, a toshe ramin ɓera a gindin katanga. A daina zuba shara da leda a magudanar ruwa. Ana yi muku magana kuna cewa ruwa zai tafi da ita. Ina zai kai ta? Ƙofar maƙwabcinka. A riƙa sauraron hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, a rediyo, musamman a Yuli da Agusta.

Ginin ƙasa daga gindi yake shan ruwa, kuma sau da yawa bayan an ɗauke ruwan yake faɗuwa. In gindin bango ya jiƙe ya yi duhu, ko ya tsage, ko ƙasa tana zubowa daga rufi, ko azara tana ƙara, kada a kwana a ɗakin. In ruwa ya fara shigowa, a kashe wutar lantarki daga mita da busasshen hannu, a ɗauki jaka, a nufi wurin haɗuwa. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato. Kada a ratsa shi da ƙafa ko da babur. A hana yara zuwa bakin kududdufi.

Bayan ambaliya rijiya takan haɗu da masai, daga nan sai amai da gudawa. A tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓararraka. Wanda gudawa ta kama a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin. Yana kurɓa ana tafiya asibiti. Asarar gida kuma a kai rahotonta ga mai unguwa, shi zai isar wa hukumar agaji ta jiha, SEMA.

Darasi na 5: Gobara

Kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, kada a shigar da janareta cikin gida. Hayaƙinsu yana kisa cikin barci. Kada a ajiye fetur a ɗaki. In an ɗauke wuta a kashe dutsen guga da hita.

In an ji warin gas, a rufe tukunyar, a buɗe tagogi, kada a kunna komai. In mai ya kama a kasko, a rufe da murfi, ba a zuba masa ruwa. In hayaƙi ya cika ɗaki a fita da rarrafe. Wanda tufafinsa suka kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima. Ƙuna a yi ta zuba mata ruwa mai sanyi minti 20. Ban da ƙwai, ban da man goge baki. A kira 'yan kwana-kwana daga takardar bayan ƙofa. Wanda ya rubuta 10 a nan zai gane kurensa.

Darasi na 6: Girgizar ƙasa

In ƙasa ta motsa kana ɗaki, durƙusa, shiga ƙarƙashin tebur ko gado mai ƙarfi, kare kai da wuya, riƙe ƙafarsa har ta lafa. In ɗakin ƙasa ne kuma ƙofa na kusa, fita tsakiyar tsakar gida. A waje, nisanci katanga da turken lantarki. Takan sake motsawa bayan ta farko, don haka kada a koma ɗakin da ya tsage. Tun yanzu a sauke kaya masu nauyi daga saman wurin kwana.

Darasi na 7: Iska

A ƙara wa kwano ƙusa kafin damina, a sare reshen da ya rufo ɗaki. In hadari ya taso a shigar da yara, kada a fake a gindin bishiya, kada a taɓa wayar lantarki da ta faɗo.

Aikin gida: kowa ya zo aji na gaba da takardar lambobinsa, mutum shida, an gwada kowace. Zan ƙirga da kaina.