Yadda Manomi Zai Gwada Ingantaccen Irin Wake a Gonarsa

Nijar ce ƙasa ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, kuma jihar Maraɗi na cikin manyan wuraren da ake noma shi. Duk da haka abin da eka ɗaya ke bayarwa a yawancin gonakinmu bai taka kara ya karya ba, saboda ƙuduji, da ƙwari, da gajiyar ƙasa, da ruwan sama da kan ɗauke tun wake bai gama zuba 'ya'ya ba. Masu bincike sun daɗe suna fitar da irin da zai jure waɗannan matsaloli, amma aikinsu ba ya kammaluwa a tashar bincike, sai irin ya shiga gonar manomi ya nuna halinsa. Wannan gwaji kuwa kowane manomi, ko ƙungiyar manoma, na iya yin sa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Yana da kyau a fara da sanin yadda ake samar da irin. Furen wake yana ɗauke da ɓangaren namiji da na mace a wuri guda, kuma yakan yi wa kansa aure tun kafin ya buɗe. Idan mai bincike yana son haɗa iri biyu, sai ya buɗe furen da bai kai ga buɗewa ba da yamma, ya cire ɓangaren namijin da ɗan hantsaki, washegari da safe ya shafa masa garin furen ɗayan irin. Abin da aka samu ana shuka shi zuriya bayan zuriya, ana zubar da marasa kyau, har sai halinsa ya tsaya wuri ɗaya, kuma wannan kan ci shekaru masu yawa. Ta wannan hanya aka ɗauko juriyar ƙuduji daga wani waken gargajiya na ƙasar Botswana mai suna B301 aka sanya ta cikin irin da ya dace da yankinmu. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan tana ajiye da nau'in wake sama da 15,000, kuma irin da lambarsa ta fara da IT daga wurinta ya fito. Masu lamba TN, kamar TN5-78, na gida ne, domin INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, wadda aka kafa a 1975, tana da tasha a Tarna, nan kusa da birnin Maraɗi. Masu KVX kuma daga Burkina Faso suke.

Kafin ku nemi iri, ku tantance abin da ya fi damun gonarku. Manomin Dakoro, inda damina take gajera, bukatarsa ta farko ita ce irin da zai nuna cikin kwana 65 zuwa 75, alhali manomin Madarunfa yana iya jiran wanda ya fi daɗewa idan zai ba shi harawa mai yawa. Wanda ƙuduji ya mamaye gonarsa ya tambayi IT97K-499-35 ko IT99K-573-1-1, waɗanda aka fitar domin wannan matsala. Wanda sauri yake nema ya duba IT90K-372-1-2. Ku sayi irin daga malaman gona ko wurin masu sayar da iri mai takardar shaida, domin waken da ake aunawa a kasuwa gauraye yake, ko da mai shi ya kira shi da sunan da kuke nema. Iri biyu ko uku sun isa gwajin farko, sannan ku haɗa da naku na gado, wanda shi ne ma'aunin da za a gwada sauran da shi.

Mako guda ko biyu kafin shuka, ku ƙirga ƙwaya 100 daga kowane iri, ku shuka su a tsohuwar roba mai yashi, ku riƙa yayyafa ruwa. Idan waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, irin ya yi rauni, kuma ba adalci ba ne a yanke masa hukunci a gona.

Wajen fitar da filin gwaji ne aka fi yin kuskure, don haka a nan ya kamata a natsu. Ku zaɓi ɓangaren gona da ƙasarsa take iri ɗaya, nesa da inuwar gawo, da gindin suri, da wurin da dabbobi suka kwana da rani, domin duk irin da ya faɗa a irin waɗannan wurare zai yi kyau ko ya lalace ba don halinsa ba. Ku auna wa kowane iri fili daidai, misali taku 10 tsawo da taku 10 faɗi, ku kafa turke a kusurwa, ku rubuta sunan irin a jiki da kuma a littafi. A shuka su rana ɗaya bayan ruwa mai kyau, a ba su taki daidai, a yi musu noma da feshi rana ɗaya. Zuciya takan ja mutum ya fifita sabon iri da taki da kulawa, amma duk wanda ya yi haka kansa ya ruɗa, domin a ƙarshe ba zai san ko irin ne ya yi aiki ko takin ba. Idan kuna noma wake a cikin hatsi, kamar yadda akasarinmu muke yi, to ku gwada shi a cikin hatsin, tunda akwai irin da ke yin kyau shi kaɗai amma ya kasa idan inuwa ta rufe shi. In ƙungiya ce, ya fi kyau mutum huɗu ko biyar su maimaita gwajin a gonaki daban, wani a jigawa, wani kusa da gulbi.

Da shuka ta tashi, sai a riƙa zagayawa da littafi. Ku rubuta ranar da rabin filin ya yi fure da ranar da aka fara tsinka. Ku ƙirga ƙudujin da ya ɓullo a kowane fili, kuma ku tuge shi kafin ya zubar da 'ya'ya, domin suna daɗewa shekaru a cikin ƙasa. Ƙudujin wake kala-kala ne a Afirka ta Yamma, shi ya sa irin da ya gagare shi a wata ƙasa yana iya faɗa masa a wata, kuma gonarku ce kaɗai za ta ba ku tabbaci. Lokacin fure ku tono gindi ɗaya a hankali, ku wanke saiwar, za ku ga ƙananan ƙulluttai manne da ita. Ku fasa ɗaya da farce: idan cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin halittar da ke ciki suna jawo sinadarin taki daga iska suna ba shukar, kuma ragowarsa ce ke amfanar hatsin da zai biyo baya. Idan ƙulluttan kaɗan ne ko cikinsu fari, sau da yawa ƙasar na bukatar takin sufa ko takin gida. Game da tsutsar da ke cin fure da kwanso, kada a yi tsammanin ingantaccen iri zai wadatar, dole a taimaka masa da feshi a lokacin fure, ko da na ruwan ɗiyan bedi ne.

A lokacin girbi ku tsinke kowane fili daban, ku shanya daban, ku sussuke daban, ku auna da tiya ɗaya. Amma yawan tiya ba shi kaɗai ne hukunci ba, kuma a ganina nan ne manomi ya fi mai bincike sanin abin da yake so. Ku ƙirga damin harawa, domin mai tumaki ya san darajarta a watan Afrilu da Mayu. Ku ba matan gida su dafa kowane iri, su faɗi wanda ya fi saurin nuna, da wanda ɓawonsa ke fita da sauƙi wajen surfe, da wanda ƙullunsa ke tashi idan za a yi ƙosai. Ku kai ɗan kaɗan kasuwa ku ji bakin 'yan kasuwar da ke kai wake Najeriya, tunda girman ƙwaya da launinta suna sauya farashi. Damina ɗaya kuma ba ta isa shaida ba, sai an maimaita sau biyu ko uku, an ga irin a shekarar ruwa da shekarar fari.

Idan wani iri ya gamsar da ku, kuna iya ajiye irinsa da kanku, tunda wake ba ya saurin gaurayuwa a gona. Gaurayuwar takan zo ne a wurin shanya da sussuka da buhu. Ku tuge duk gindin da furensa ko ganyensa ya bambanta tun yana gona, ku tsince ƙwayar da launinta ya saɓa, ku bari ta bushe har ta yi ƙaras a haƙori, sannan ku zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ku ɗaure kowace leda daban don ƙwari su rasa iska. Bayan shekara uku ya kamata a sabunta irin daga tushe.

Ina roƙon manoma kada su yar da irin gado don sun sami sabo. Daga irin gargajiya masu bincike ke ɗauko juriyar fari da cuta, kuma wanda ya ɓace a ƙauye ba lalle a same shi a wani wuri ba. Ku ware masa ɓangare a gona kowace damina. Abin da kuka rubuta kuma ku kai wa malamin gona na yankinku, ko masu bincike a Tarna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, tare da ɗan irin gadon a ƙunshi, da sunan da kuke kiransa, da ƙauyen da ya fito, da dalilin da ya sa kuke riƙe da shi.