Yadda za ka sa databes ɗin manhajarka ya riƙa daidaita da sabar ko da waya ta hana ta motsi a bayan fage

Duk wanda ya taɓa haɗa manhajar waya mai ajiye bayanai ya san wannan ciwon kan. A wayarka ta gwaji da ke jone da kwamfuta komai lafiya lau, kana ajiye abu nan take ya bayyana a sabar, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan kowa a intanet, sai ka saki manhajar ga jama'a sai ƙorafi ya fara shigowa, wai mutum ya rubuta abu tun jiya da daddare amma har yanzu bai gan shi a ɗayar wayarsa ba. Kai ta tonon kod ɗinka kana neman kuskure alhali babu, wayar ce kawai ta kwantar da manhajar barci don kada ta sha batir.

Abin ya samo asali ne tun 2015 da Android 6 ya zo da Doze, wanda in aka ajiye waya allo a kashe ba ta caji sai ya datse wa manhajoji intanet, sai jefi-jefi ya buɗe 'yar taga su yi abin da za su yi. Android 8 a 2017 ya ƙara matse masu aiki a bayan fage, Android 9 kuma ya fara raba manhajoji rukuni-rukuni gwargwadon yadda mai wayar ke buɗe su, wadda ba a cika waiwaya ba ita ce a ƙarshen layi. iPhone kuwa dama can ba ta da wasa a wannan fannin. To ni dai shawarata ka daina kokawa da waya, ba za ka ci ba. Ka gina abinka da sanin cewa aikin daidaitawar nan zai iya makara, zai iya yankewa ana tsaka da shi, kuma zai iya maimaita kansa.

Mataki na farko, komai ya fara sauka a databes, wato ma'ajiyar bayanai, na cikin waya. Mutum ya danna ajiye, ka rubuta a SQLite, databes ɗin da ke zama a cikin waya, ko ta Room ce a Android ko Core Data a iPhone, allon kuma daga nan zai riƙa karantawa ba daga sabar ba. Shikenan mai amfani ba ruwansa da ko akwai netwok.

Na biyu, kuma nan ne ƙashin bayan aikin, ka buɗe wani tebur daban na jiran aikawa a cikin databes ɗin. Duk canjin da aka yi, sabon abu ne ko gyara ko gogewa, ka sa masa layi guda a wannan teburin, kuma dole rubutun biyu su shiga a tiransakshan ɗaya, wato ko su shiga tare ko su faɗi tare, don in ka raba su wata rana waya za ta kashe manhajar daidai tsakaninsu, bayanin yana nan a waya amma ba wanda ya san ba a tura shi ba, haka zai zauna har abada. Kada ka cire layi daga teburin sai sabar ta amsa da bakinta cewa ta karɓa.

Kowane layi kuma ka ba shi lambar shaida tun a waya, irin UUID, wato doguwar lambar da da wuya ta zo ɗaya da wata. Wannan na koye shi ne da wahala. Na taɓa haɗa wata 'yar manhajar rubuta ayyukan yini, wani mai gwada min ya turo hoton allonsa, aiki ɗaya ya fito sau uku reras a jere. Ashe saƙon yana isa sabar, ta ajiye, amma kafin amsa ta dawo waya ta yanke intanet ɗin, manhajar kuma ta ɗauka bai je ba sai ta sake turawa, ta kuma sake. Da a ce akwai lambar, sabar na ganin ta a karo na biyu za ta ce ai na riga na ga wannan, ta mayar da amsar farko kawai ba tare da ta sake rubutawa ba.

Na uku, ɗauko sabbin bayanai. Kar ka ce za ka kwaso komai da komai duk lokacin da aka ba ka dama, lokacin ba zai ishe ka ba. Sabar ta riƙa ba ka alamar inda ka tsaya, kai kuma ka ce mata ba ni abin da ya canza daga nan, ka karɓa kashi-kashi, misali ɗari-ɗari, duk kashin da ya shiga databes ka ajiye sabuwar alamar tare da shi, ta yadda ko an katse ka a kashi na huɗu gobe daga na huɗun za ka tashi. Alamar nan daga sabar za ta fito, kar ka kuskura ka dogara da agogon waya, mutane nawa ne agogonsu ba daidai yake ba. Abin da aka goge kuma kada sabar ta share shi gaba ɗaya nan take, ta bar shi da tambarin an goge na wani lokaci, in ba haka ba wayar da ta yi sati a kashe ba za ta taɓa sanin ya tafi ba.

Sai maganar karo, wato an gyara abu guda a waya biyu. Mafi sauƙi shi ne na ƙarshe ya yi nasara, kuma ga ƙananan abubuwa ya wadatar. Amma in rubutu ne mai tsawo da mutum ya ɓata lokaci a kai, ka sa wa kowane bayani lambar siga da ke ƙaruwa duk sanda aka gyara shi, in wadda waya ta zo da ita ta tsufa sabar ta ƙi karɓa, ka ajiye duka biyun ka bar mai shi ya zaɓa.

Na huɗu ne ya kawo mu kan bayan fagen kansa. A Android ka miƙa aikin ga WorkManager, mai tsara ayyukan bayan fage, ka gindaya sharaɗin sai akwai intanet, shi zai nemo lokacin da ya dace, ko an kashe waya an kunna aikin yana nan. Amma ka sani mafi ƙarancin tazarar aiki mai maimaituwa minti 15 ne, kuma wannan ba alkawari ba ne, in Doze ya kama waya zai iya wuce haka nesa ba kusa ba. Kowane zagaye kuma minti 10 gare shi. Ni na fi son duk sanda aka sa sabon abu a layin jira in jefa aiki guda mai suna ɗaya tak don kada su taru suna turereniya, mai maimaituwar kuma in bar shi a matsayin mai share abin da ya rage. In turawa ta gaza ka ce masa ya sake gwadawa, da kansa yake ƙara tazara tsakanin gwaji da gwaji.

Wasu sukan ce ai sai su kunna sabis mai sanarwa a saman allo ya zauna dindindin. Wannan ƙofar ana ta rufe ta, Android 12 ya hana tayar da shi daga bayan fage sai a 'yan wurare ƙalilan, Android 14 ya ce sai ka faɗi nau'insa, Android 15 kuma ya ƙayyade wa nau'in daidaita bayanai awa 6 cikin 24. Ban da haka ma mutane na jin haushin sanarwar da ba ta goguwa.

A iPhone kuwa mai tsara ayyukan bayan fage BGTaskScheduler ne, tun iOS 13 a 2019. Ƙaramin aikin sabuntawa kusan daƙiƙa 30 kawai yake samu, babban kuma yakan sami mintuna amma galibi sai waya na hutawa. Lokacin da ka zaɓa wa aikin, roƙo ne kawai, tsarin ne zai yanke hukunci bisa yadda mai wayar ya saba buɗe manhajar, in kuma ya share ta da yatsa daga jerin buɗaɗɗun manhajoji to an gama, ba za ta tashi ba sai ya buɗe da kansa. Manyan fayiloli irin hotuna ka ba URLSession na bayan fage, mai kula da turawa da saukewa ta intanet a iPhone, tsarin ne zai ci gaba da turawa ko manhajar na barci.

Na biyar, ka sa sabar ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofa in akwai sabon abu, ta FCM ko APNs, hanyoyin Google da Apple na tura saƙo zuwa waya. Saƙon ya zama ɗan tuni kawai cewa zo ka ɗauka, don dama 4KB ne iyakarsa, kuma yana iya ɓata a hanya. Kar ka cika yawa, Apple ta ce saƙon shiru, wanda ba ya nuna wa mutum sanarwa, kada ya wuce biyu zuwa uku a awa, a Android ma in kana ta aika mai babban fifiko ba tare da nuna wa mutum sanarwa ba za a iya rage masa matsayi.

Na shida, wanda mutane ke rainawa, da zarar an buɗe manhaja ka daidaita nan take, haka ma in netwok ya dawo tana buɗe. Wannan ne kaɗai lokacin da yake hannunka ɗari bisa ɗari. Ka kuma nuna wa mutum gaskiya, ɗan rubutu a gefe cewa abu 3 na jiran aikawa, an daidaita ƙarfe kaza, ga maɓallin tura yanzu.

Sannan gwaji. Waya mai caji ba ta shiga Doze, shi ya sa ba ka taɓa ganin matsalar a wayarka ta gwaji da ke jone da kwamfuta ba. Ka tilasta mata shiga Doze daga kwamfuta da umarnin adb shell dumpsys deviceidle force-idle, ka kashe intanet ana tsaka da turawa, ka kashe manhajar da ƙarfi, ka juya agogon waya baya da kwana biyu ka ga me zai faru. Kuma ka nemo wayoyin kamfanoni daban-daban, don wasu suna ɗora nasu mai tsimin batir a kan na Android wanda ya fi shi zafin hannu, a irin waɗannan sai ka cire waya daga caji, ka sa abu biyar a layin jira, ka ajiye ta ta kwana, da safe kafin ka taɓa ta ka leƙa sabar ka ƙirga guda nawa suka iso.