Yadda na hana tiriga kiran kanta a PostgreSQL

Kwana biyu, duk layin da na canza a teburin oda sai PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, ta jefo min kuskuren "stack depth limit exceeded", wato kira a cikin kira ya wuce iyaka. Na ɗaga max_stack_depth, saitin wannan iyakar, daga 2MB zuwa 4MB, aikin banza, kuskuren ya dawo.

Ashe tirigar da na rubuta da hannuna ce, wato umarnin da ke tashi da kansa idan an taɓa tebur. AFTER UPDATE ce, mai tashi bayan an canza layi, kuma a cikinta akwai wani UPDATE kan teburin don sabunta updated_at (gurbin lokacin canji na ƙarshe), shi ya sa take ta tayar da kanta ba iyaka.

Na goge ta da DROP TRIGGER, na sake ƙirƙirarta a BEFORE UPDATE FOR EACH ROW, wato ta tashi kafin a adana canjin kowane layi. Na cire UPDATE ɗin ciki, na sa NEW.updated_at := now(); sannan RETURN NEW, wato a sa lokacin kai tsaye a sabon layin da za a adana. Na mayar da max_stack_depth 2MB, na gwada, lafiya lau. Alhamdulillahi, na samu barci.