Yadda Ake Gajarta Igiyar Kwale-kwale Ba Tare da An Yanke Ta Ba

Wanda ya taɓa tuƙi a Yawuri ko a kan tafkin Kainji ya san ruwan Kwara ba ya zama wuri guda. Igiyar da ta yi maka daidai lokacin da ruwa ya janye, ita ce za ta yi yawa idan ya cika. Rarar igiya kuwa fitina ce: ta naɗe ƙafar fasinja, ko ta zube cikin ruwa ta shiga farfelar inji. Mai gaggawa wuƙa yake jawowa, wata biyu a gaba kuma ya koma neman abin ɗori. Akwai ƙulli na musamman domin wannan. Turawan jirgin ruwa suna kiransa da sunan da ke nufin ƙwaurin tunkiya, ko da yake ni ban ga kamar ba.

Ga yadda ake yi.

Da farko shimfiɗa igiyar a ƙasa ko a cikin jirgi. A tsakiyarta, ninka ta gaba, ka dawo da ita baya, ka sake mayar da ita gaba, har ka ga layi uku kwance kusa da juna, da kunne ɗaya a kowane gefe. Lissafinsa mai sauƙi ne: abin da igiya za ta ragu ya kai tsawon ninkin sau biyu. Ninkin mita 1 yana cinye kusan mita 2.

Sai ka kama igiyar da ta fita ta hannun dama, ka murɗa ta ta yi ɗan zobe, ka zura kunnen da ke kusa da ita cikin zoben. Bar kunnen ya leƙo sosai, kamar tsawon tafin hannu ko fiye. Yi haka nan a hagu. Sannan ka ja ɓangarorin biyu a hankali har zoben su shaƙe kunnuwan. Idan zobe ya warware da ka ja, to ka murɗa shi a baibai ne, juya shi ka sake.

A nan ne mutane suke yin sake. Nauyi ne yake riƙe wannan ƙulli. Muddin igiya na miƙe, yana nan daram. Da zarar ta saki, kunnuwan suna iya sulalewa. Jirgin da aka ɗaure a turke kuwa igiyar ruwa tana kai shi tana kawo shi, ya ja ya saki dare farai. Ga kuma igiyar roba ta kasuwa mai santsi, wadda ba ta cizo kamar ta rama. Don haka samo guntun itace mai ƙwari guda biyu, ka soka kowanne ta cikin kunne, ya bi ta bayan igiyar da ta fita, yadda zai tokare. In babu itace, ɗaure kunnen jikin igiyar da siririn zare.

Wani amfaninsa shi ne wurin da igiya ta goge a jikin dutse ko bakin jirgi. Shirya ninkin yadda wurin da ya ci zai faɗa a layin tsakiya, domin shi ne ba ya ɗaukar nauyi. Wannan dabarar kai wa gida ce kawai, in ka isa ka canza igiya.

Kada ka dogara da shi wajen ceton wanda ya faɗa ruwa, ko jan jirgi mai lodin mutane ranar kasuwa. A nan ka naɗe rarar a jikin katakon jirgi ka ƙulle ta da kyau.

Kwancewa ba ta da wuya: sassauta igiyar, zare itacen, ka fizge kunnuwan.